Famfon Malam Dikko

Ranar da Saudatu ta haihu, famfon gidan ya riga ya yi watanni bai ɗiga ba. Yana nan tsakar gida a kan dakalinsa na siminti, bakinsa ya yi tsatsa, gindinsa da a da ba ya rabuwa da gansakuka ya bushe har kaji na birgima a wurin. Gidan a kan tudu yake, can ƙarshen garin Tiga. In mutum ya tsaya a ƙofar zaure yana hango dam a shimfiɗe yana ƙyalli, ruwa iya ganin ido, amma tsakanin ruwan nan da randa akwai gangara mai duwatsu, in za a dawo kuma hawa ne mai tsayi.

Inna Asibi ce take yin wannan hawan. Matar marigayi Malam Dikko ce, baffan Bala maigidan. 'Ya'yanta duk sun rasu tun suna ƙanana, da mijin ya bi su sai gida ya koma hannun Bala, aka bar mata ɗakinta na kusa da madafa. Tun da famfo ya ɗauke take sauka da bokiti da safe ta ɗebo na sha da na girki. Ba wanda ya ce ta yi, ba kuma wanda ya ce ta bari. Saudatu, matar Bala, matar aure ce, ba ta fita. Rijiyar gidan kuwa Bala ya cike ta tun lokacin da ruwa ke zuwa, ya kafa injin niƙa a kanta, ya huda masa ƙofa ta waje.

Washegarin haihuwa Maijidda, mahaifiyar Saudatu, ta iso daga Ba'awa da damin ganyen runhu da ƙullin kanwa. Ta sa aka girke rabin duro a kan murhu, ta ce da shi za a riƙa dafa ruwan wankan jego, safe da yamma, har a yi arba'in. Kowane wanka sai an cika shi, ga kuma wankin zannuwa da tsumman jariri. Da yake ba ta magana da surukinta kai tsaye, sai ta aiki Asabe ungozoma, maƙwabciyarsu, ta gaya wa Bala ya yi magana da 'yan garuwa.

Asabe ta same shi a ƙofar injin, fuskarsa duk gari. Ya ce shi ba ya biyan ruwa sau biyu. Duk wata sai ya biya ofishin ruwa, ko ruwa ya zo ko bai zo ba, don sun ce kuɗin ba na ruwan da aka sha ba ne, na zaman bututu ne a cikin gida. Bana ma sun ƙara. In ya ƙi biya su zo su datse bututun a gaban jama'a, gidan da ya fara samun famfo a unguwar nan ya zama abin nuni, ranar da ruwa ya dawo kuma sai ya biya ninkin ba ninkin kafin a mayar masa. To ya biya wannan, ya sayi ragon suna, ya sayi man inji, sannan ya biya ɗan garuwa? Ya ce a yi haƙuri da abin da Inna take kawowa, ai an ce gyara ake yi, ruwan yana hanya.

Asabe ta kai saƙo kamar yadda aka ba ta. Maijidda ta taɓe baki ta ce ita dai 'yarta ba za ta yi wanka da ruwan alwala ba. Inna Asibi tana tsugune tana hura wuta, ta ji duka. Ta miƙe ta naɗa gammo ta ɗauki bokiti.

Ba ta ga an zalunce ta ba, kuma akwai dalili. Ƙarshen kowane wata Ɗanasabe na ofishin ruwa yakan jingine kekensa a ƙofar gida ya ɗaga murya ya ce, Malam Dikko, kuɗin ruwa. Sunan da ke kan takarda yake kira, don ba a taɓa sauya shi ba. Duk abin da Inna take yi sai hannunta ya tsaya. Ita da ba ta taɓa furta sunan nan ba duk tsawon zamansu, ga shi ana kiransa a titi kamar mai gudun bashi, shi kuma yana kwance a maƙabarta, ba halin ya amsa. In Bala ya sallami Ɗanasabe sai ya shigo ya tsaya a bakin madafa.

"Inna, na sake biya wa Baffa."

"Allah ya saka maka da alheri. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa masa."

"Amin. Shi ya jawo mana abin nan, mu ga shi muna ta ɗauka."

Yakan faɗa yana murmushi. Ita kuwa a ranta ta daɗe da raba kayan gida biyu: Bala ya ɗauki kuɗin, ita ta ɗauki ruwan, kada a ce Malam ya tafi ya bar wa mutane wahala.

Satin suna bai yi mata nauyi sosai ba, don gidan cike yake da mata, 'yanmatan dangi suna kama mata. Da aka watse sai ya rage ita kaɗai, ga bazara ta kankama. Tana idar da sallar asuba take sauka, ta yi ta kai da komo har rabin duron ya cika, hantsi ya riske ta a hanya. Ta ɗan kishingiɗa, azahar na yi ta soma na yamma. A bakin dam mata masu wanki suna tsokanarta, wai ga masu famfo a gida sun zo cin rabon talakawa. Mudi ɗan garuwa, wanda yake wasan jika da ita tun yana yaro, in ya gan ta sai ya sauke sandarsa ya ce, "Matata, wa ya fito min da ke cikin ranar nan? Duk kin yi baƙi, zan fasa auren." Ta ce da shi ja'iri, ya fara biyan sadakin tukuna. Shi yake ɗora mata bokitin a ka. Kwanaki kaɗan ya lura ta daina cika shi, kuma in ya ɗora sai ta ɗan tsaya idonta a rufe kafin ta ɗaga ƙafa.

Wasu ranakun da sassafe iska takan biyo bututun. Famfon ya yi wani irin ja, ya shaƙe, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, sannan ya yi shiru. Ran da Inna ta fara ji, sai da ta saki tsintsiya. Haka numfashin Malam ya riƙa yi a kwanakinsa na ƙarshe, yana ja kamar zai ce wani abu, ya fasa. Ta matsa ta murɗa kan famfon har ƙarshe, ta tara hannu. Iska mai ɗumi ce kawai ta taɓa mata tafi. Daga ranar ta ajiye tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashinsa, kuma duk lokacin da ta wuce da kaya sai ta dube shi. Saudatu daga cikin ɗaki ta taɓa jin ta tana cewa a hankali, "Na ji, Malam. Ina kai." Ta leƙo ba ta ga kowa ba sai tsohuwar da famfon.

Kafin wankan jegon ya yi rabi ƙafafun Inna suka kumbura har silifa ya daina shiga. Ta koma tafiya ba takalmi a kan duwatsun da rana ta gasa. Wuyanta ya ƙage, in za ta dubi mutum sai ta juyo da jikinta duka. Ta daina wanka, don ta ga bokiti guda na jikinta sahu guda ne na ƙafarta. Ta rage shan ruwa. Daga baya Asabe ta shigo duba cibiyar jariri, ta tarar da ita a bayan ɗaki tana buga tafinta a ƙasa tana shafa fuska. Taimama take yi, ga duro cike da ruwa yana tafasa a gabanta, tururi na tashi. Asabe ta tambaye ta dalili. Ta ce ruwan mai jego ne, kuma sanyi ne yake damun ta a gaɓoɓi, ruwa ba ya yi mata daɗi. Ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Saudatu ba makauniya ba ce. Kullum in an zaunar da ita a bayan gida ana tsoma ganye a tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata a jiki, tana kallon ruwan yana bin rariya yana fita waje, sai ta ji ba zafinsa ne ke sa ta hawaye ba. Ta ce da mahaifiyarta ko a mayar da wankan sau ɗaya a rana. Maijidda ta ce ba da ita ba. Ta ga matan da aka yi wa sakaci da jego, sanyi ya shige su, jiki ya kumbura, wasu ba su kai yaye ba. Ita 'yarta ta zo tsarewa, zancen ruwa na masu gida ne, baƙuwa ba ta da baki a ciki. Kuma ai mace ce ita ma Innar, ta san abin da ake gudu.

Da Bala ya shigo ganin jariri da rana, Saudatu ta sunkuyar da kai ta ce ko ta ba da turmin atamfa ɗaya daga kayan barka a sayar, a riƙa sayen ruwa. Ya ce ashe so take a ce ya gaza, matarsa tana sayar da sutura don ta yi wanka. Ya ce Inna ba ta taɓa kawo masa kuka ba. Tsoho ma in ya zauna wuri guda shi ne ciwo yake samunsa, wannan zirga-zirgar ita take riƙe da ita. Ya ɗauki jaririn ya yi masa wasa, ya fita.

Ran wata kasuwa Inna ta zame a kan hawa. Bokitin ya gangara yana ƙara, ruwan ya bi ƙasa ya ɓace nan take, gwiwarta ta fashe. Ta zauna ta yage bakin zaninta ta ɗaure, ta koma ƙasa ta sake ɗiba. Da ta iso gida a makare, Maijidda ta leƙa bokitin ta ce wannan ai rabinsa laka ne, sai an bari ya kwanta, ga rana tana yi. Mudi ya ga faɗuwar daga nesa. Da yamma ya hau tudun da garwa biyu cike, ya yi sallama a zaure ya ce na matarsa ne, ba na sayarwa ba. Bala ya fito daga wurin injin ya tare ƙofa. Ya ce gidansa ba gidan karɓar sadaka ba ne, gida ne mai famfo, in Mudi yana neman lada ya kai masallaci. Mudi ya gyara sanda a kafaɗa, ya juya ya sauka da ruwansa.

Wannan ne ya sa Asabe ta yafa mayafi ta sami Bala. Ita ta karɓi haihuwarsa, don haka ba ta tsugunna ba, ba ta kuma jira ya kashe injin ba, sai da shi ya ga fuskarta ya kashe.

"Bala, matar nan mutuwa za ta yi."

"Haba Baba Asabe. Rai ai a hannun Allah yake."

"Na sani. Bokitin kuma a kanta yake. Ka ga ƙafarta kuwa? Ka san da ƙasa take sallah a gidanka?"

"Ni na hana ta alwala? Ni na ce ta je? Ki tambaye ta. Tuwona take ci, ɗakina take kwana, bashin mijinta nake biya duk wata ban taɓa fashi ba. Wani da tuni ya mayar da ita danginta."

"Dangin nata wa ya rage?"

"To kin gani."

Ya ce in ta ga laifi ta je ofishin ruwa, su suke karɓar kuɗin mutane su bar su da busasshen ƙarfe. Shi ma zaluntarsa ake yi. Asabe ta ce gaskiya ne ana zaluntarsa, amma shi ya sami inda ya sauke nasa. Ya tayar da injin, ƙara ta rufe sauran maganarta.

Ta shiga wurin Inna ta ce gobe kada ta fita, ta kwanta ta ce ba ta da lafiya, a ga yadda za su yi. Inna ta murza gwiwa. Can ta ce saura kaɗan a yi arba'in, in ta kwanta yanzu yarinyar nan ce za ta cutu, ita ba ta yi mata komai ba. Kuma wata ya kusa ƙarewa, za a zo a kira Malam a ƙofar gida. Ba ta so a kira shi alhali duron gidan ba ruwa.

Ta ci gaba da sauka. Yanzu ba ta amsa tsokanar masu wanki, su ma sun daina. Takan tsaya a tsakiyar hawa ta daɗe, bokiti a ka, tana kallon wani wuri da ba kowa. A gida kuma ta koma zama a gindin famfo maimakon ɗakinta, ta jingina kai da ƙarfen, wai sanyinsa yana yi wa wuyanta daɗi, alhali ƙarfen zafi yake kamar an ciro shi daga wuta. In iska ta biyo bututun sai leɓɓanta su motsa.

Ranar da abin ya faru ta soma ɗiban na yamma da wuri. Kafin la'asar ta cika rabin duron har baki, ta juye sahu na ƙarshe, ta kife bokitin, ta je ta zauna a wurin zamanta. Maijidda ta fito ta ce, Yaya Asibi, a hura wutar mana kada yamma ta yi. Ba ta amsa ba. Maijidda ta koma ɗaki tana cewa tsufa dai barci, ta shayar da 'yarta kunun kanwa, ta sake fitowa. Kaza ce ta gani tsaye a kan ƙafar tsohuwar tana tsattsagar tsumman gwiwarta, ƙafar ba ta motsa ba. Sai ta yi salati.

Aka aika wa liman, aka aika masu haƙa, aka ce a yi sauri a kai ta kafin magariba. Asabe ce mai wankan gawar mata a unguwar. Ta sa aka shigar da ita ɗaki, ta fito zaure ta ce da Bala a kawo ruwa. Idonsa ya yi ja, da gaske kuka ya yi. Ya leƙa waje ya sa aka kira Mudi, wanda ya riga ya ji labari ya hau tudun da garwarsa. Bala ya tambaye shi nawa ne, ya sa hannu a aljihu. Kafin ya zaro hannun, Bala ya waiga ta ƙofar tsakar gida, idonsa ya sauka a kan duron da ke kan murhu, cike, ko wuta ba a hura masa ba.

"Af, ai ga ruwa nan. Mudi, jeka abinka, an samu."

Maijidda ta ja Asabe gefe ta ce a gaya masa wannan na wankan yamma ne, mai jego ba ta tsallake wanka. Asabe ba ta kai saƙon ba. Daga cikin ɗaki muryar Saudatu ta fito, ta ce ko an dafa ba za ta shiga ruwan nan ba.

Asabe ta ɗumama shi kaɗan, ta zuba ganyen magarya. Da ta kwance zanin sai ta ga abin da ya fi ƙafafun: tsakiyar kan ya goge ba gashi, kafaɗa ɗaya ta sauka ƙasa da ɗaya, fatar duk ta yi fari fat da ƙura da gishirin gumi, ta daɗe ba ta ga ruwa ba. Ta zuba ƙwarya ta farko, jikin ya shanye kamar ƙasar fako. Ta yi ta zubawa a hankali, tana cuɗawa, ba ta yi tsimi ba, sai da ta karkata duron ta kwashe har na gindi mai yashi. Matar da ke kama mata ta ce ta rage wa mai jego ko kaɗan ne. Asabe ta ce a'a, mai shi ce ta zo karɓa.

Aka kai ta, aka dawo ana kiran magariba. Kwana uku Bala ya sayi ruwa saboda masu zuwa ta'aziyya, yana cewa a ransa na kwana uku ne. A zaure dattawa suka yi ta yaba masa. Suka ce a zamanin nan da ɗa yake gudun uwar da ta haife shi, samun wanda zai riƙe matar baffansa har ya sa ta a rami sai an tona. Bala yana sunkuye yana amsa addu'a.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Asabe ta zo wucewa ta zauren da ƙwaryar gumba. Ta ji liman yana tambayar Bala yadda gida zai kasance yanzu, ga mai jego, ga ba babba a ciki in surukarsa ta koma. Bala ya ce shi ma abin da yake ta tunani ke nan. Ya ce akwai Gwaggo Suwaiba, ƙanwar mahaifiyarsa, can wani ƙauye a gefen Falgore, mijinta ya rasu bara, ita kaɗai take zaune. Har yanzu da sauran ƙarfinta. Bai kamata a bar tsohuwa ita kaɗai a daji ba, ga ɗaki ya samu. Jibi zai je ya taho da ita.

Dattawan suka ce Allah ya ba da ladan zumunci. Bala ya ce amin.